Gamba a Tsakiyar Gona

Duk wanda ya yi firamare a Kwargaba cikin shekarun nan ashirin ya san farantan Malam Sharfuddeen. Guda biyu ne. Yakan cika su da ƙasa, ɗaya tsirara, ɗaya da ciyawa a kanta, ya karkata su, ya zuba ruwa da buta. Na farko ya zubo jawur, na biyu ya fito garau.

"To, wanne za ku sha?"

Yara su yi ta ihu. Su ba su da wuya. Wuyar tana wajen iyayensu, waɗanda yake koya wa karatu bayan la'asar. Da ya kammala baƙi da wasali sai ya ɓullo da zancen zaizayar ƙasa, su kuwa su soma neman takalmansu.

"Malam, ƙasa ta Allah ta, ba ta ƙarewa," in ji Maigandi mai faci. "In maganin gaskiya na, mi ya hana ka yi ma gonakku? Ko ba kwazazzabo ka cinta ba?"

Aka fashe da dariya. Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Gonar da mahaifinsu ya bari, wadda shi da wansa Iliyasu suke nomawa tare ba a raba ba, tana kan gangare, kuma kowace damina kwazazzabo yana gatsar gefenta na ƙasa. Inda Sharfuddeen ya koyi riƙon hauya ma ya riga ya rufta.

Da ruwan shuka ya sauka, sai ya sassaro gamba da saiwarta, ya dasa layi uku, kowanne ya gitta gangaren daga wannan gefe zuwa wancan, don ta tare ƙasa in ruwa ya kwaso ta. Kwana shida yana yi. Iliyasu yana Goronyo wajen albasarsa, bai sani ba.

Abin da Malam ya manta, ko ya raina, shi ne a Kwargaba wuri ɗaya ake dasa gamba a jere: kan iyaka. Kafin Iliyasu ya sauka daga mota, mutum uku sun yi masa jajen an raba gonar ubansa ba ya nan.

Ko sallama bai ƙarasa ba.

"Sharu! Ni ka yanka ma gona ina da rai?"

"Yaya, zamna in yi maka bayani. Ruwa na nika tarewa."

"Ruwa? Ruwa ɗan'uwanka na, da za ka yi iyaka da shi?"

"Bari in ɗauko hwarantan nan ka gani da idonka..."

"Ka ɗauko mani hwaranti! Ni ɗan aji ukku na?"

Inna Hawwa, mahaifiyarsu, ta leƙo daga ɗaki. Sharfuddeen ya ɗauka ceto ya zo.

"Inna, ki gaya mashi."

"Ni mi zan ce? Ku biyu na haihwa maza. Layi ukku kay yi, kashi huɗu ke nan. Sauran biyun na wa na?"

Sharfuddeen ya yi rantsuwa, ya yi zane a ƙasa, har cewa ya yi a tuge gambar kowa ya huta. Iliyasu ya ce ai zuciya ta riga ta faɗi abin da ke cikinta, a raba kawai. Dattawa suka zo ran Asabar. Ba su sha wahalar awo ba, tunda ga layin tsakiya Malam ya ja musu shi sambal. Iliyasu, da yake babba, ya zaɓi sama. Sharfuddeen ya tashi da ƙasa, da kwazazzabonsa. Washegari Iliyasu ya tuge layin da ya faɗo a rabonsa, ya zuba wa shanu.

Damina uku ke nan. Layin tsakiya ya yi kauri, ba mai taɓa shi, tunda yanzu iyaka ce ta gaske. Ya kuma yi aikin da aka dasa shi dominsa: duk ƙasar da ruwa ya kwaso tana taruwa a bayansa, wato a gefen Iliyasu. Geron da ke wurin ya fi na kowa tsawo a wannan fako. A gefen Malam kuwa, layi ɗayan da ya rage masa bai isa ba. Bara kwazazzabo ya ci kunya goma sha ɗaya, bana ya kai gindin aduwar da ke cikin gonar.

Ran Jumma'ar da ta wuce Maigandi ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Malam, ka ga geron Iliyasu kuwa? Mi yaka zuba mashi?"

"Gamba ta. Gambar da na dasa."

"Kai haba! Shi ya ce albarkar rabo ta. Ni ma ina ga zan yi ma ƙanena magana, mu raba tamu."

Sharfuddeen ya sa takalmansa. Ya nufi gona, don ya ji an ce gefen aduwar ya soma tsagewa.