Karen da Baƙo Bai Sani Ba

A Guri kowa ya san Baƙo mai bandar kifi, kuma kowa ya san yana da kare, in ban da shi Baƙon. Jan kare ne mai yankakken kunne. Yana ɗan kwikwiyo Baƙo ya tsince shi a bakin kogi, shekarar da ruwa ya ci gonaki, kuma tun da ya girma ba kyanwa ba ɓarawo da ya ƙara kusantar bandar. Kan tarwaɗa mafi maiƙo nasa ne, Saude matar gidan sai ta yi mita take samun na biyu. Amma ka kuskura ka ce, "Baƙo, ga karenka," sai ya haɗe rai.

"A'uzubillahi! Bi na dai yake yi, ni ina na san shi?"

Ko suna bai sa masa ba, don kada a ce. Dalili kuwa, ladanci Baƙo yake hari. Ladan ya tsufa, muryarsa ta soma rawa, shi kuma gogan har rawani ya saya ya ajiye. A ganinsa, wa zai miƙa lasifika ga mai kare?

Daminar shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, kare ya fara tari. Saude ta ce, "Malam, ka kai shi Haɗeja mana. An ce akwai malamin dabbobi da yake ɗibar jini ya gano ciwo."

"In ratsa tasha da kare? Gaba ɗaya Guri ta gan ni?"

Ya jiƙa sassaƙe ya ba shi, ya turara masa hayaƙi, ya jira. Kaka ta wuce, haƙarƙarin kare suka fito, ko tashi ya yi sai ya yi haki. Ranar da ya ƙi kan tarwaɗa, hankalin Baƙo ya tashi ƙwarai. Ya saka shi a kwandon kifi, ya rufe da buhu, ya shiga mota ya ajiye kwandon tsakanin ƙafafunsa. Duk lokacin da kare ya yi tari, sai Baƙo ya yi nasa da ƙarfi ya danne. Kafin a kai Haɗeja fasinjoji sun matsa sun ba shi fili, wata tsohuwa har da yi masa kwatancen asibiti.

Malam Irmiya, malamin dabbobin, mutumin Filato ne, ba ya son dogon zance. Ya ɗauko allura, kare ya yi gurnani. Ba wanda ya yarda ya riƙe shi sai mutumin da bai san shi ba. Haka Baƙo ya rungume shi a cinya, yana shafa kunnen nan, yana leƙen taga kada wani ɗan Guri ya gifta.

Irmiya ya ɗiga jinin a kan ɗan gilashi, ya daɗe yana dubawa a madubin likita, sannan ya ce Baƙo ya leƙa. Wasu siraran tsutsotsi ne ke ta wutsil-wutsil.

Irmiya ya ce, "Sauron fadama ne ke sa su. Manyan sun cika zuciya da huhu. Da tun damina ne, akwai allura. Ina mai karen?"

Baƙo ya ce, "Aiko ni ya yi."

Irmiya ya dubi hannun da ke kan kunnen kare. "To, ka gaya wa mai shi ya makara."

Kana tsammanin Baƙo zai dawo da karen a cinya? Ina! Kwando ya mayar da shi, ya rufe da buhu. Suka kama hanya, kare na tari, Baƙo na dannewa. Ana gab da shiga Guri kwandon ya yi shiru. Baƙo ya saurara, ya taɓa buhun da ƙafa, bai ji motsi ba. Sai ya ci gaba da tarin shi kaɗai, ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

Tsohon da ke kusa da shi ya ce, "Sannu, Malam Baƙo. Da wannan ƙirjin naka kuwa za ka iya kiran salla?"