Ƙyauren Ɗakin Inna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka ɗauko yayana Haruna a kan ƙyauren ɗakin mahaifiyarmu, daga ƙauyenmu na yankin Duvu, muka nufi Mubi da shi, ba mu kai ba.

Haka ake yi a lokacin. Babu asibiti, mota ba ta shigowa. In haihuwa ta gardama ko maciji ya sari manomi, sai a ɓalle ƙyauren Inna, don shi kaɗai ne na katako mai faɗi, maza su bar gonakinsu su ɗauka. Haruna dillalin wake ne, abin yana ci masa rai. Yakan ce duk ranar da aka ɓalle ƙyauren nan gonaki sun kwana ba a taɓa su ba, kuma babu ɗan kasuwar da zai kafa sito inda ciwon ciki ke kashe mutum.

Ranar da abin ya faru, da hantsi 'yan bindiga suka shigo, ana tsakiyar awon wake. Suka harbe mai awo a kan buhunsa, suka cinna wa rumbuna wuta. Haruna ya tsaya janye wani tsoho daga hayaƙi, aka sare shi da adda a cinya har ƙashi ya bayyana. Na ɗaure saman raunin da igiyar buhu. Jinin bai tsaya ba, yana bin tsagin katakon yana sauka a wuyana. An hana hawan babur a lokacin, ƙafa muka sa.

A bakin mayo, wato rafi, ya ce mu sauke shi. Ya dube ni ya ce, "Ƙanina, ku mayar wa Inna ƙofanta, kar sauro ya cinye ta." Nan ya cika. Daga baya wani ma'aikacin jinya ya gaya mini ɗinki da ƙarin ruwa za su iya riƙe shi har Mubi.

Bana na je gida. An gina ƙaramin asibiti, da fitilar sola da ungozoma. Saboda motar marasa lafiya aka sa kwalbati a kan mayon, sai motocin wake suka biyo ta. Iyalan da suka yi gudun hijira sun fara komawa, kuma matansu ne suka yanke shawarar, bayan sun ji akwai inda za su haihu. Mai shayi ya kafa tebur a ƙofar asibitin. Sito biyu na gani a inda rumbunan suka ƙone.

Da Haruna yana raye, ban ce zai yi tafi ba. Zai tambayi dalilin da ya sa babu wurin ajiye jini, da wanda zai gyara batirin sola in ya mutu, da abin da zai hana ungozomar komawa Mubi. Ya san in asibitin ya rufe, motocin waken ma za su juya.

Bai bar gida ko mota ba. Maganarsa ce ta rage, da tabon jininsa a ƙyauren, wanda Inna ta goge da toka har ta gaji bai fita ba. Ranar da aka buɗe asibitin ta kira kafinta ya kafe ƙyauren da manyan ƙusoshi, ta ce duk wanda ya sake zuwa aro a nuna masa hanyar likita. Da zan taho na duba ƙusoshin. Har sun yi tsatsa, ba a taɓa su ba. Allah ya jiƙan Haruna, ya sa kada mu ga ranar da za a cire su.