Lauya Mai Kunne Ɗaya

Desmond Thwaite malamin kiɗa ne a wata sakandare a garin Halifax na ƙasar Ingila, abin da ya karanta ke nan a jami'a. Ya haura arba'in lokacin da kunnensa na hagu ya soma yi masa gardama. Da fari ƙara yake ji kamar ta tsohon firji, daga baya kunnen ya ɗauke ɗif. Yara su busa begila a karkace, shi kuwa yana gyaɗa kai yana murmushi. Ran da wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai tun ɗazu kuskure muke yi," ya san zamansa a wannan aji ya ƙare.

Matarsa Bronwen ungozoma ce, ba ta iya dogon lallashi ba. Ta ajiye masa shayi da madara, ta ce, "To, sai me? Zama za ka yi kana kallon ruwan sama ta taga?"

"Karatun lauya nake tunani. Akwai kwas na shekara guda a Leeds, na waɗanda suka yi digiri a wani fannin."

"Kai ɗin? Kai da ko takardar inshorar mota ba ka karantawa?"

"Ai shi ya sa. Gara in fara."

Ta yi dariya har ta kusa ƙwarewa, amma ita ce ta saya masa jakar littattafai a ƙarshen makon.

Kullum da safe sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Leeds. Abokan karatunsa yawancinsu sa'annin 'yarsa ne: wannan ya karanta tarihi, waccan kimiyya, duk an haɗa su ana ɗura musu a shekara ɗaya abin da wasu ke ɗauka a hankali. Dokar kwangila, dokar filaye, dokar laifuka, ba a gama haɗiye wannan ba an kawo waccan. Desmond yakan zauna a layin gaba, ya karkato kunnen dama wajen malami. Yana da na'urar ji, amma a aljihu take kwana, don ba ya son a san lalurarsa.

A zango na biyu aka shirya musu kotun gwaji, inda ɗalibai ke tsayawa a matsayin lauyoyi. Malamarsu, Misis Pickersgill, wadda ta daɗe tana aikin kotu kafin ta koma koyarwa, ita ce alƙaliya. Desmond ya shirya tsaf, ya fara bayani tiryan-tiryan. Sai ta katse shi da wata magana, ita kuwa ta gefen hagunsa take zaune. Bai ji ba. Maimakon ya nemi ta maimaita, sai ya yi hasashe, ya ɓarke da dogon jawabi kan ranar da aka ƙulla yarjejeniya. Ashe cewa ta yi ya ɗan rage sauri.

Aji ya kwashe da dariya. Fuskarsa ta yi ja wur, ya ƙarasa da ƙyar ya zauna.

Bayan an watse ta tsayar da shi. "Malam Thwaite, wane kunnen ne?"

"Na hagu."

"To, me ya hana ka faɗa? Babu alƙalin da zai ƙi maimaita magana. Amma in ka amsa abin da ba a tambaye ka ba, wanda kake karewa ne zai kwana a ciki, ba kai ba."

Washegari ya shigo da na'urar a kunne. Wani saurayi ya matsa ya bar masa kujerar da ta fi dacewa.

Jarrabawar dokar filaye ta kayar da shi a karon farko, ya sake zama da bazara ya haye. Bayan nan akwai jarrabawar shiga aikin, akwai kuma shekarun koyon aiki a ƙarƙashin wani lauya. Duk ya bi su a sannu, gashin kansa na ƙara fari.

Yanzu yana wani ƙaramin ofishi a saman shagon burodi, yana rubuta wa mutane wasiyya, yana raba gado, yana duba cinikin gidaje. Tsofaffin garin shi suke nema, saboda ba ya gaggawa, kuma yana kallon bakin mai magana har ya kai aya.

Kwanan baya wani tsohon makiyayin tumaki, Alf Sugden, ya hau matakalar yana haki, zai bar wa jikarsa gona.

"An ce kai ma kurma ne," in ji Alf da ƙarfi.

"Rabi ne, Baba. Zauna ta nan gefen."

"Madalla. Ni na dama ne ya mutu."

Suka jujjuya kujeru har kowa ya samu kunnen ɗan'uwansa. Desmond ya zuba masa shayi, ya buɗe biro, ya ce ya fara daga sunan yarinyar.