Bindigar Kawu Orval Ta Daina Tofar da Kwanso

Kawu Orval Pruett yayan mahaifiyata ne. A tsaunukanmu na Ozark, cikin jihar Missouri, aka haife shi, a nan ya yi aikin injin yanka katako har bayansa ya gaza, a nan kuma ya binne matarsa Lavonne. Bayan rasuwarta, abin da ya rage masa a gidan nan na ƙarshen hanya shi ne karyarsa Tansy da 'yar bindigar farautar kurege da ya gada wurin kakanmu.

Bindigar irin ta da ce, mai ƙananan harsasai. In ka harba, sai ka fizgo mariƙin katakon da ke ƙarƙashin bututu zuwa baya da hannun hagu, ta tofar da kwanson harsashin, ka tura gaba ta ɗauki sabo. Kawu ba ya bari kowa ya taɓa ta. Ni da na girma ina cin romon kurege da burodin masara a teburinsa, har na yi furfura ban taɓa sa yatsa a kunamarta ba.

A kakar da ya haura saba'in da biyar ne ta fara yi masa gardama. Zai harba, ya ja mariƙin, kwanson ya leƙo rabi ya tsaya, sabon harsashi ya taso daga ƙasa ya cushe. Sai ya zauna a kan kututture ya zaro da wuƙar aljihu, kuregen kuwa ya daɗe da haye wata bishiya, Tansy na zaune tana kallonsa.

Da farko harsasan kanti ya ɗora wa laifi. Ya ce masu yin su yanzu ba su da tsoron Allah, tagullar kamar takardar alewa. Na kai shi gari a a-kori-kurata ya sayo wani iri. Ba ta sake zani ba. Ya kwance bindigar a kan teburin girki, ya jiƙa kayan cikinta a kananzir, ya goge ramin da harsashi ke zama har ya kankare dattin dalma da ya daskare tun zamanin kakanmu. Ta yi masa biyayya kwana biyu, ta koma halinta.

Daga nan ya koma kan 'yar ƙugiyar ƙarfen da ke kama gindin kwanso ta jawo shi waje. Ya nuna mini ita ƙarƙashin tabaran ƙara girma, ya ce bakinta ya cinye. Kamfanin ya daina yin irinta tun kafin a haife ni, don haka sai da muka nemo wani mai sayar da tsofaffin kayan bindiga a wata jiha mai nisa. Da ta iso ba ta shiga ba. Kawu ya kama ta da magagari yana goga kaɗan-kaɗan, ya sauya sifirin ɗinta, ya ƙara mai, ya rage mai. Duk lokacin da na kawo masa itacen hunturu, a bakin teburin nan nake samunsa, kofinsa ya huce, abincin da matata ta aiko yana nan a rufe.

Na ce masa, “Kawu, ga tawa a gida tana shan ƙura. Ka karɓa mana.”

“Taka ta roba? Ka ba jikokinka su yi wasa.”

Wata Lahadi da hantsi ina sauke masa itace, muka ji ƙarar birki a bakin hanya. Motar ɗaukar gungumen katako ce, ba ta ma tsaya ba. Muka tarar da Tansy a cikin kwalbati, ƙafafunta na baya sun mutu, tana jan jiki da na gaba tana son zuwa wurinsa. Likitan dabbobi yana can wata gunduma, kuma ko da yana kusa, duk wanda ya ga bayan karyar nan ya san an gama.

Kawu ya shiga gida ya fito da bindigar. Na ce ya bar mini. Ya ce shi ya raine ta tun tana shan madara a murfin kwalba, ba wanda zai yi mata wannan sai shi.

Ya durƙusa, ya yi mata magana a hankali, ya saita. Bakin bindigar na rawa. Harsashin ya kauce ya same ta a muƙamuƙi. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa ba. Ya ja mariƙin, kwanson ya tsaya a rabi. Ya shiga lalubar wuƙa a aljihu, ta faɗi cikin ciyawa, yana ta cewa, “Yi haƙuri, yarinya, yi haƙuri.” Na fizge bindigar daga hannunsa, na ja mariƙin da ƙarfi. Kwanson ya yi tsalle ya faɗi can gefe. Na tura gaba, na ƙarasa ta.

Muka haƙa rami bayan rumfar itace. Har muka gama bai dube ni ba. Da zan tafi ne ya ce ashe gugar da ya yi wa ƙugiyar jiya ta kama.

A makon ya sa na kai shi wurin Verlin Stogsdill, mai gyaran bindiga a garejin bayan gidansa, abokinsa tun suna firamare. Verlin na ganinmu ya ce ashe tsohon gardama yana da rai, ya kuma tambaya ko an zo sayar masa da sandar kakan Annabi Nuhu ne. Kawu ya ce ya rufe baki ya duba aikin da ya fi ƙarfinsa. Verlin ya leƙa cikin bindigar da 'yar tocila, ya yaba gugar ƙugiyar, sannan ya cika ta da harsasai ya fita bayan gareji. Ya harbe su duka a jikin tulin ƙasa, kwanso na fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya maƙale.

Ya sake cika ta, ya miƙa wa Kawu ya ce ya gwada. A harbi na biyu ta cushe. A nan na ga abin da idona ya daɗe yana tsallakewa. Hannunsa na hagu ba ya kai mariƙin ƙarshe. Yakan taho da shi a sanyaye ya tsaya saura kaɗan, irin waɗannan tsofaffin kuwa sai an fizge su har su buga.

Verlin ya ajiye bindigar, ya miƙa masa hannuwansa biyu. “Matse min, Orval. Duka biyun.”

Kawu ya matse. Verlin ya ji na hagun ba ƙarfi, ya dube shi.

“Tun yaushe?”

“Tun lokacin yankan ciyawa. Na tashi da safe na ji shi kamar na aro.”

“Ka gaya wa Rhonda?”

“In gaya mata ta zo ta kwashe ni?”

Rhonda ita ce 'yarsa tilo, tana aikin jinya a Springfield. Bai gaya mata ba, ya kuma hana mu. Amma da ƙanƙara ta sauka ya zame a matakalar baranda ya karya ƙugu, mai kawo wasiƙu ce ta tsince shi. A asibiti suka ce ya taɓa samun ƙaramin shanyewar ɓarin jiki, wataƙila fiye da sau ɗaya. Rhonda ta yi kuka, ta yi faɗa da ni, ta yi faɗa da shi, sannan ta sama masa ɗaki a gidan tsofaffi kusa da wurin aikinta. Aka karɓe masa makullin mota. Mijinta ya kulle bindigar a akwatin ƙarfe tare da nasa. Gidan kuwa wasu mutanen birni suka saya, suna zuwa hutu lokacin zafi.

Nakan je ganinsa in na samu hanya. Tagar ɗakinsa wurin ajiye motoci take kallo. An ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa da hannun hagu, ya ce ba shi da abin da zai yi da hannun in ya warke, ya ba wani tsoho na ɗakin kusa. Yakan tambaye ni ko rafi ya kawo ruwa bana, da wanda ya mutu a cocinmu. In na fara ba shi labari sai in ga ya daina saurare.

Ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni a can. Ciwon huhu ya ɗauke shi a farkon bazara. Mun kawo shi gida mun binne, Verlin na cikin masu ɗaukar akwatin, sai da aka tsaya masa ya huta a kan tudu.