Zaman Baba Mai Sito a Kan Benci

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shugabantar wata makarantar 'yan mata, kuma a cikin tara daga cikinsu mutum ɗaya ne ke riƙe da ɗakin ajiyar kaya. Baba Mai Sito muke kiransa. Dattijo ne siriri mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, karatunsa bai wuce firamare ba. Shi ke ba da alli da littattafan rubutu da rajista da tsintsiya. Shi ne kuma mutumin da na zalunta da alƙalamina.

Kafin a ɗauke shi aiki, kowace safiya layi ake yi a ƙofar sito. Malama takan bar aji ta tsaya jiran alli, kafin ta koma rubu'in darasi ya wuce. Baba ya tara gwangwanayen madara, ya cika su da alli, ya ajiye biyu a kowane aji. Idan na farko ya ƙare, sai a kifa shi a bakin taga a ci gaba da na biyu. Da sassafe yakan zagaya ya kwashe waɗanda aka kifa ya cika su. A bangon sito kuma ya zana siffar kowace tsintsiya da bokiti da fenti, ta yadda duk abin da bai dawo ba gurbinsa zai nuna.

Duk ranar Alhamis yakan tsaya a ƙofar ɗakin malamai ya yi sallama.

"Malamai, wannan makon me ya ɓata muku lokaci?"

"Mijina," in ji malamar lissafi.

"Wannan ba ya cikin kayan sito, 'yata. Kawo wani."

"To, rajistar aji uku. Kullum sai na tono ta a ƙarƙashin ta aji biyar."

Da mako ya zagayo, kowace rajista ta sami ƙyalle mai launi dabam a gefenta. Haka yake yi, gyara ɗaya a mako, ba ya ƙarawa.

Duk wannan daga baya na san shi. Abin da nake gani ta tagar ofishina shi ne, ƙarfe goma na safe Baba na zaune a kan benci, hannuwa a kan gwiwa. Masinja kuwa yini yake yana gudu da takardu, gumi na zuba. Ni mace ce da aka rena a kan cewa mai aiki shi ne mai gumi. Ban taɓa tambayar kaina ba ko rabin gudun masinja komawa ne ɗauko abin da ya manta.

Sai takarda ta zo daga hukumar makarantu: a rage ma'aikaci ɗaya daga cikin waɗanda ba sa koyarwa, a kuma bayyana dalili. Na rubuta da kyakkyawan rubutuna cewa mai kula da sito ba shi da aikin da ya wuce na awa biyu a yini.

Mataimakiyata ta karanta, ta ce, "Malama, da dai kin leƙa siton tukuna."

Na ce, "Ina da ido."

Saura shekara biyu ya yi ritaya. Na sani, na kuma sa hannu.

Ranar da na miƙa masa takardar sallama, ya karanta ta a hankali yana bin layi da yatsa. Ya ba ni mabuɗi, ya ce, "Ranki ya daɗe, akwai jan layi a jikin kantar littattafai. Idan littattafai suka sauko daidai nan, a aika a kawo wasu. Kada a tara da yawa, ɗakin yana da laima."

Na ce na ji. Na damƙa wa masinja mabuɗin.

Cikin mako shida gwangwanaye suka bushe a bakin tagogi, layi ya dawo ƙofar sito. Don in kashe ƙorafi, na sa aka kawo littattafan shekara guda lokaci ɗaya, aka jibge su a ƙasa. Kafin ƙarshen zangon karatu laima da gara sun ci kusan rabi. Ranar da na shiga duba ɓarnar ne na ga bangon nan, siffofin tsintsiya da bokiti a jere, mafi yawansu babu komai a kai. A nan na fahimci cewa zaman da nake gani a kan benci shi ne sakamakon aikin shekaru.

Sau uku na rubuta wa hukuma ina neman a mayar da shi. Amsa ɗaya ce: an soke gurbin bisa shawarar shugabar makaranta.

Sai bayan na yi ritaya na iya zuwa wurinsa. Na same shi a shagon kafinta na surukinsa, yana rarraba ƙusoshi bisa tsawonsu. Ya tashi da ƙyar ya ba ni kujerarsa.

Na ce, "Baba, na zo neman gafara. Abin da na rubuta a kanka ba gaskiya ba ne."

"Ai ba ƙarya kika yi ba, Malama. Awa biyun ne."

"Amma na raba ka da haƙƙinka."

Ya ce, "Na yafe tun tuni. Tambaya ɗaya ce dai ke cina. A shekara taran nan, sau nawa kika shigo sito?"

Na so in ce aiki ne ya yi mini yawa, amma ban zo nan don in ƙara wata ƙarya ba.

"Sau ɗaya," na ce. "Ranar da na kama aiki."

Ya gyaɗa kai. "Na tuna. Kin ce a share yanar gizo-gizo."