Fetur Ɗin da Na Hana a Juye

Mijina mai markaɗe ne. Injinsa ɗan ƙarami ne, ja, mai shan fetur, yana ƙarƙashin wata rumfar kwano a ƙofar gidan da muke zaune a unguwar Asawase, cikin Kumasi. Waken ƙosai, geron koko, tumatir da barkonon masu wake da shinkafa, duk wajensa matan layinmu ke kawowa. Ni kuma ina gefe da kaskona ina suyar ƙosai. Da injin nan muke ci, mu da 'ya'yanmu uku, da shi kuma babbarsu, mace 'yar shekara tara, take zuwa makaranta.

Ban taɓa ganin mutum mai tsirfa a kan mai irinsa ba. Kullum da safe, kafin ya ja igiya, sai ya buɗe wajen baƙin mai ya tsoma yatsa, ya murza, ya ɗaga wa rana ya duba. In ya ga ya fara duhu da tsinkewa, ko mata goma ke tsaye da kwanukansu sai sun jira ya tsiyaye shi ya zuba sabo. Fetur kuwa ba ya sayen na 'yan kwalba a bakin hanya, wai suna gauraya shi da kananzir. Gidan mai yake zuwa da galan ɗinsa, ya dawo ya tace ta cikin wani tsumman fari da ya ɗora a bakin mazurari. Ba ya zubawa injin na da zafi, kuma ba wanda ya isa ya matso da wuta. Sau nawa muka yi faɗa saboda ya ce in ja murhuna baya! Nakan ce masa, "Malam, in ka gama yi masa wanka sai ka shafa masa turare." Shi ba mai magana ba ne. Murmushi kawai yake yi ya ci gaba da tace mansa, ni kuwa wannan murmushin ya fi zagi ƙona mini rai.

Cikin azumin shekarar 1969 aka yi shelar cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Da farko dariya na yi. Wane baƙo? Mutumin da aka kawo Kumasi yana ɗan shekara bakwai a bayan kawunsa mai fataucin goro, wanda ya fi ni iya Tuwi, yaren Asantawa, wanda ko hanyar ƙauyensu na ƙasar Zazzau bai sani ba? Amma takarda dai ba shi da ita. Ni a nan aka haife ni, ubana mutumin Salaga ne a arewacin ƙasar nan, ba abin da ya shafe ni. Kwana kaɗan Zango, unguwar baƙi, ta rikice. Gida-gida ana ɗaure kaya, ana sayar da gado da keken ɗinki a wulaƙance, tsofaffi na kuka a ƙofar masallaci da bakin azumi. Muka yanke shawara ya tafi shi kaɗai, ya nemo takarda ya dawo, ni in zauna da yara. Injin kuma za mu shigar da shi ɗakin ajiya na bayan gida, don an fara jin wasu na yawo suna leƙen kayan waɗanda suka tafi.

Da hantsin ranar tafiya, shi da maƙwabcinmu suka cicciɓi injin suka shigar. Maƙwabcin nan wani tsohon makanike ne Ba'asante da ya tsufa a Zango, kowa Wofa yake ce masa, wato kawu. Ina ɗaure wa mijina guzuri sai na hango shi ya tsuguna da sifana da kwalba da mazurarin nan nasa. Na ce me zai yi. Ya ce zai juye fetur ɗin da ya rage a tanki, don fetur ba ya son ajiya, in ya daɗe yakan lalace ya toshe injin.

Wallahi ban san lokacin da na isa kansa ba. Na fizge kwalbar na ce, "Wato ka gama shirinka ke nan, ba za ka dawo ba! Wanda zai dawo ba ya juye mai. Ka ce mini sati uku, yanzu kuma kana yi wa inji jana'iza a gabana?"

Ya ce, "Uwar yara, ba haka ba ne. Aikin minti biyar ne."

Na ce ko na minti ɗaya ne ba za a yi shi a gidan nan ba. Na faɗi maganganu da yawa, da azumi a bakina, har yara suka fito suna kallo. Ya daɗe yana dubana, sai ya ajiye sifanar a kan tankin. Ya ce, "To, na ji. Amma in wata guda ya cika ban dawo ba, ki kira Wofa ya juye shi. Ya tayar da injin har ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa, ya cire fulogi ya zuba cokali guda na baƙin mai a ramin, saboda tsatsa. Kin ji?" Na ce na ji, don dai ya ƙyale ni. Muka raka shi filin Reskos inda manyan motoci ke lodi. An cusa mutane a bayan mota a tsaitsaye, da tabarmi da tukwane a kai, har ban iya gane wane hannu ne nasa cikin masu ɗaga mana ba.

Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce. Wata ya cika. Ranar da ya cika daidai, Wofa ya yi sallama da kayan aikinsa a hannu, ashe shi ma yana ƙirgawa. Ya ce, "Mma, na zo aikin da maigida ya bari." Na ce maigida na hanya, ya koma abinsa. Ya ce ai juye mai ba ya hana mutum dawowa. Na ce masa in yana sha'awar fetur ɗin ne ya faɗa, sai in saya masa kwalba. Tsohon nan da ya girmi ubana! Ya dube ni, ya girgiza kai, ya juya. Har yau in na tuna maganar nan kunya takan kama ni.

Wasiƙa ba ta zo ba. Duk wanda aka ce ya samu labarin mutanensa sai na je na tambaya, ba wanda ya gan shi. Waken ƙosaina kuwa na koma ɗaukarsa a ka zuwa wani injin can gaba da kasuwa, in bi layi, in dawo rana ta yi, masu saye sun watse. Ran da ban samu zuwa ba sai dutsen niƙa. Ga inji a bayan ɗaki lulluɓe da tsohon zane, ga ni a durƙushe ina niƙa da hannu.

Bayan Babbar Sallah ƙura ta ɗan lafa, ba a cika jin ana taɓa kayan mutane ba. Wofa ya sake dawowa, ya manta da cin mutuncin da na yi masa. Ya ce in ba na son a juye, to a fito da shi a yi aiki da shi, zai koya mini jan igiya da duba mai, inji mai aiki ba ya lalacewa. Yayana ma ya taso daga Tafo a kan maganar. Ya ce, "Ke wai wace irin zuciya ce da ke? Yara na ramewa kina gadin ƙarfe?" Na ce wanda ya kashe shi da hannunsa shi zai tayar da shi. Yaya ya ce taurin kaina zai kai ni ya baro. Na ce ya kai ni ɗin, ba a gidansa nake ci ba. Ya kaɗe rigarsa ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Kullum in yara sun fita, nakan shiga ɗakin ajiyar in ɗaga zanen, in buɗe murfin tankin in shaƙa. Warin hannunsa ke nan, warin rigarsa. Shekara goma sha ɗaya ina yi masa tsiya a kan warin nan, ina cewa ya wanke hannu da toka kafin ya taɓa tuwona, ga shi na koma nemansa a bakin tanki. Nakan bar murfin a buɗe in zauna a gefe har sai an kira ni. Da ruwan sama ya sauka, ɗakin ya yi danshi, bango na tsattsafo, ban fasa ba. Wajen Mauludi na lura warin ya sake. Kaifin nan ya tafi, ya koma wani tsami-tsami kamar tsohon fenti. Na gane sarai abin da ke faruwa, ai matar mai inji ce ni. Na mayar da murfin na rufe, na ce hancina ne.

Ruwa ya yi nisa sosai lokacin da wani mai gyaran takalma na layinmu, wanda suka shiga mota ɗaya da mijina, ya sulalo ya dawo ta hanyar daji. Bai zo wajena kai tsaye ba, sai da ya ɗauko liman da yayana. Ina ganin su uku a ƙofa na ajiye matsamin ƙosai. Ya ce sun yi kwanaki a bakin iyaka cikin rana ana jiran a bar su su wuce, ba ruwan kirki, gudawa ta shiga cikin mutane. Mijina ya kwanta kwana uku. Washegarin Ƙaramar Sallah ya cika, suka binne shi a gefen hanya su da wasu da bai san sunansu ba. Ko ƙasar da ake cewa tasa ce bai taka ba.

Na ce Innalillahi, na ƙara, sannan na tambayi liman yaushe zan shiga takaba. Ya sunkuyar da kai ya yi lissafi da yatsu. Ya ce takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar jin labari ba, wata huɗu da kwana goma sun cika tun kafin Mauludi. Ya ce, "Babu komai a kanki, 'yata, kin riga kin fita." Wannan ya fi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa. Ko zaman da ake yi wa miji ban samu na yi masa ba. Ranar da na kori Wofa ina cewa maigida na hanya, ya yi sati uku a ƙasa.

Da aka share makoki, ni da kaina na je gidan Wofa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce ya zo ya tayar mini da inji, yanzu ba ni da kowa sai shi. Aka fito da shi tsakar gida. Ya kama igiya ya ja, ta ƙi motsi ko kaɗan. Ya sa ƙarfi, ina! Ya kwance kafireton ya nuna mini, ciki ya daskare da wani abu ja mai danƙo kamar ƙanzon alewa. Ya leƙa tanki, tsatsa ta ci gindinsa. Ya tambaye ni ko an riƙa barin murfin a buɗe. Da ya buɗe kan injin sai ya nuna mini fistan, ƙarfen da ke kai-komo a ciki. Fistan ya kama jikin gidansa da tsatsa, damina guda ba ɗigon mai a wurin. Kwana huɗu yana jiƙa shi da kananzir yana bugawa a hankali, a na biyar ya fito, amma a fashe. Ya zaga Kumasi neman wani. Masu sayar da irin waɗannan kayan kusan duk sun tafi a motocin nan, rumfunansu a rufe.

Kafin ya kwance tankin ya miƙo mini sifanar, wadda mijina ya ajiye da hannunsa. Ya nuna mini ƙusar da zan sassauta. Na tara kwalba na murɗa. Abin da ya fito ruwan shayi-shayi ne, da ruwan sama kwance a ƙasansa, bai ma cika kwalba biyu ba. Kafin ruwan da na ɗora a murhu ya tafasa an gama. Gaskiya ya faɗa, aikin minti biyar ne.

Ƙarfen na sayar wa maƙera. Ƙosai kuwa dole a ci gaba da soyawa, kuma mutum ɗaya ba ya niƙa ya soya a lokaci guda. Da aka koma makaranta a ƙarshen damina, 'yata ta fito da safe sanye da rigarta ta makaranta, ta wanke ta ta goge tun jiya. Na ce ta cire. Ta tambaye ni sai yaushe za ta koma, na ce sai an ga hali. Ta ninke rigar ta sa a ƙarƙashin matashi, ta zo ta durƙusa gaban dutsen niƙa, na zuba mata wake. Ba ta sake komawa ba.