Magaryar Bayan Uhudu

A shekarun da nake jami'a, duk ranar Alhamis bayan la'asar nakan ɗauki kekena mai kaurin taya, irin na hawan dutse, in zagaya bayan dutsen Uhudu inda gidaje suke ƙarewa. Akwai wata siririyar hanya a can wadda awaki suka fara takawa, daga baya masu tattaki da mu masu keke muka gaje ta. Tana hawa tsakanin jajayen duwatsu, ta gangara wani kwari mai itatuwan ƙaya, sannan ta sake miƙewa sama. Wanda ya san dazuzzukan gida zai yi dariya idan na kira wurin kurmi, amma a Madina aka haife ni, kuma shi ne kurmin da na sani. A tsakiyar kwarin akwai wata tsohuwar magarya. Ita kaɗai ce inuwar kirki a duk tsawon hanyar, kuma a gindinta kowa yake jingine keke ya sha ruwa kafin hawa na biyu, wanda ya fi wuya.

Shekarar da yayan mahaifina ya zo aikin hajji daga Kano, a gidanmu ya sauka. Baffa nake ce masa. Da ya kammala ziyara, zaman falo ya gundure shi. Mahaifina, wanda yake aikin haɗa magunguna a asibiti, ba shi da sukunin yawo, sai ya ce in kai Baffa ya sha iska. Na ajiye keke, muka tafi a ƙafa.

Da muka isa kwarin, Baffa ya tsaya ya dafa bishiyar.

"Wannan ba magarya ba ce?"

"Ita ce, Baffa."

"Magarya a garin Manzo, kuna zaune kusa da ita, ubanka yana ta raba wa mutane ƙwayoyi a kwali." Ya zaro wuƙa daga aljihu.

Na ce, "Baffa, an hana taɓa itacen Madina."

"Sara aka hana. Ka ga gatari a hannuna? Ɗan sassaƙe ne. Riƙe mini hula in zuba, Ustazu."

Na ƙi karɓa. Bai ko dube ni ba, ya shimfiɗa hiramin kafaɗarsa a ƙasa. Shi da kansa ya bayyana mini ƙa'idar: a gida ana ɗiban sassaƙe gabas da yamma ne kawai, a bar sauran domin itace ya warke. Haka kuwa ya fara. Sai ya shiga lissafin waɗanda suke jiran tsaraba: matarsa mai ciwon ƙafa, surukai, limamin unguwa, maƙwabcin da ya raka shi filin jirgi. Duk wanda ya ambata, wuƙar ta ƙara gaba. Kafin ya gama, gabas ta haɗu da yamma. Tun daga gwiwata har ƙirjina gindin ya zama fari fat, yana naso.

Na ce masa zai kashe ta.

"Itacen da ya sha ruwan Madina? Kai dai ba ka san itace ba, keke ka sani."

A gida na sami mahaifina shi kaɗai na faɗa masa. Ba ya bukatar bayani. Ya fi ni sanin abin da yake faruwa idan aka zagaye itace da wuƙa. Ya ce, "Yayana ne, kuma baƙonmu ne. Kalas, a bar maganar." Washegari na tarar da sassaƙen a shanye a saman benenmu, kan tabarmar da mahaifina ya hau da ita da hannunsa. Har yau ban san wanne ya fi ba ni haushi ba, wuƙar ko tabarmar.

Magaryar ba ta mutu nan take ba, kuma wannan ya fi ciwo. Kowace Alhamis ina ganin ganyen yana raguwa. Da zafi ya shigo sosai, babu sauran inda za a fake. Dattawan da suke zuwa tattaki suka daina wuce gangaren farko. Mu masu keke muka koma shan ruwa a tsaye cikin rana, wasu suna zagin wanda ya yi aikin da Larabci, ina ji, alhali na san ko wane ne.

Da hajji ta sake zagayowa, Baffa ya bugo waya. Sassaƙen ya ƙare, mutane sun yaba, kuma akwai alhazan unguwarsu da za su taho masa da wani. Mahaifina ya miƙo mini wayar domin in yi musu kwatance.

Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baffa, magaryar ta bushe."

"Allah sarki. Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya."

"To, saiwar fa? Ai ita ta fi ƙarfi. Ku samo musu magirbi."

Na ajiye kan wayar a gaban mahaifina, Baffa yana ta kiran sunana a ciki. Na ce ba zan yi kwatancen ba, ko a yau ko a gaba. Wannan ne karo na farko da na ƙi umarninsa ido da ido, kuma bai sake miƙo mini wayar ba.